Uwargida, kar ki kashe tsamin tumatirin da za ki adana

Daga Janairu zuwa Maris, tumatirin noman rani na Kadawa da Kura da Garun Malam yakan cika kasuwa har ya rasa mai saye. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya ya ga Kwanar Gafan a wannan lokaci ya san zancen: kwanduna a jere, wasu har suna tsiyayar ruwa. Amma da damina ta kankama sai a koma sayensa da ƙwaya. Kuma ba mu manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar nan da manoma suka sa wa suna Sharon ta cinye gonaki, miya ta gagari gidaje da yawa.

Shi ya sa nakan ji daɗi idan na ga mata sun haɗa kuɗi sun sayi kwando, sun dafa sun ɗura a kwalabe. Dabara ce mai kyau. Sai dai akwai kuskure ɗaya da nake yawan cin karo da shi a yawon wayar da kai da mu ma'aikatan lafiya muke yi gida-gida.

Bara na shiga wani gida na tarar da tukunya a kan murhu, markaɗe na ta ɓararraka, kwalabe kusan ashirin a kife kan tabarma. Ina tsaye dattijuwar gidan ta kwance bakin zaninta ta jefa wani abu a ciki. Na ce, “Inna, me kika sa?” Ta ce, “'Yar kanwa ce, 'yar nan, don ta kashe tsami.” Ga albasa da tattasai da attaruhu duk an markaɗa tare, ga man gyaɗa an ajiye za a tsiyaya a saman kowace kwalba.

A miyar da za a ci yau, kanwa ko bakar hoda ba laifi ba ce. A kwalbar da za ta yi watanni a rufe kuwa, tsamin nan shi ne mai gadi. Akwai wata ƙwayar cuta da ke cikin ƙasa, masana na kiranta Kulostiridiyom botulinum. Tafasa a tukunya ba ta kashe irinta, tana son wurin da babu iska, kuma tsami ne yake hana ta motsi. Idan an rage tsamin da kanwa, aka ƙara albasa da tattasai waɗanda ba su da tsami, sannan aka toshe iska, to an shimfiɗa mata tabarma ke nan. Dafin da take fitarwa yana shanye jijiyoyi, kuma sau da yawa ba a jin warinsa, ba a ganin alamarsa.

Saboda haka tumatir zalla za ki ɗura. Ki zaɓi nunanne mai lafiya. Wanda ya fashe ko ya yi funfuna, komai arharsa, ba na ajiya ba ne. Ki wanke, ki markaɗa, ki dafa ba tare da murfi ba har ya ragu da kusan rabi, kina juyawa kar ya kama. Kwalaben gilashi za ki nema, irin na mayonis ɗin Bama da muke tarawa, amma ki duba murfin: mai tsatsa ko wanda robar cikinsa ta tsage, ki ajiye shi gefe. Ki wanke su ki tafasa, ki bar su da zafinsu.

Kowace kwalba mai cin lita 1 ki zuba mata babban cokali 2 na ruwan lemon tsami, mai rabin lita cokali 1. Ba wasa nake ba, ƙara tsami za ki yi, domin tumatirin da ya nuna sosai tsaminsa yakan ragu. Ki ɗura da zafi, ki bar sarari kamar faɗin yatsa a sama, ki goge bakin ki rufe. Daga nan ki shimfiɗa tsumma mai tsabta a gindin babbar tukunya, ki jera kwalaben, ki zuba ruwan zafi har ya shafe kansu. Daga lokacin da ya fara tafasa ki ƙirga minti 40 ga masu rabin lita, 45 ga masu lita ɗaya. Mutanen Jos da sauran wurare masu tudu su ƙara minti 5. Washegari ki danna tsakiyar murfi. Wanda ya lotsa ciki bai motsa ba ya kamu, zai kai shekara a wuri mai sanyi da duhu. Wanda yake ƙas-ƙas kuma a yi miya da shi a ranar.

In ba ki da firij, ƙananan kwalabe sun fi, yadda za ki buɗe ki ƙarar a girki ɗaya. Kwalbar da murfinta ya kumbura, ko ta yi kumfa, ko ta yi feshi wajen buɗewa, kar ki ɗanɗana ko da a kan yatsa ne. Wadda ta fito lafiya ma ki bari ta tafasa minti 10 a miya, zafi yana lalata dafin. Idan kuma wani ya ci abincin ajiya, bayan kwana ɗaya ko biyu ya fara ganin abu biyu-biyu, fatar idonsa ta yi nauyi, haɗiya ta gagare shi ko maganarsa ta sarƙe, a garzaya da shi asibiti tare da sauran abincin.

Tattasai da attaruhu kuwa shanya ta fi musu, kamar yadda iyayenmu suke yin kauɗa. A kan gado ko rumfa dai, a rufa da raga, ba a bakin titi ba inda ƙura da awaki ke bi ta kai.

Abin da ya fi jan hankalina a matsayina na ma'aikaciyar lafiya shi ne gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar babba ya kai giram 5 a yini, ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya ke nan, ciki har da na dunƙulen magi, wanda gishiri ne ya fi yawa a cikinsa. Masu hawan jini da muke dubawa sukan rantse sun daina cin gishiri, sai an bi diddigi a ji dunƙule huɗu ake murzawa a tukunya. Tumatirin leda ma ki riƙa karanta bayansa, wani haɗi ne da sitaci da sukari da launi. Naki na kwalba kin san abin da ke ciki.

Ranar girki aikin ba yawa. Ki soya albasa, ki juye kwalba ɗaya, ki daka attaruhu da daddawa da citta da tafarnuwa, ki sa busasshen kifi in akwai. Daddawa ta kan sa a rage magi ba tare da maigida ya lura ba. Man da kika soya da shi ma yana taimaka wa jiki ya tsotsi laikofin, sinadarin da ya ba tumatir jan launinsa. A wannan tukunyar ce, idan tsamin ya dame ki, za ki jefa 'yar kanwarki.