Takaddamar iyaye da ƙungiyoyin renon 'yan ƙwallo kan kwantiragin yara

Takaddamar iyaye da ƙungiyoyin renon 'yan ƙwallo ja-in-ja ce a kan wanda ke da ta-cewa game da yaron da ke buga ƙwallo alhali bai cika shekara 18 ba: inda zai buga, ranar da zai iya barin ƙungiyarsa, da wanda zai ci moriyar kuɗin da ƙafarsa za ta jawo idan ya girma. Tushen rigimar shi ne yaro ba ya iya ƙulla yarjejeniya da kansa a idon doka, sai uba ko uwa ko waliyyi ya sa hannu a madadinsa. Ita kuwa ƙungiya, ko makarantar horaswa da aka fi kira akadami, tana riƙe da abin da ya fi wannan sa hannun ƙarfi, wato rajistar yaron a hukumar ƙwallo. Duk wanda rajista ke hannunsa, shi ke da wuƙa da nama.

Takarda da rajista

A tsarin ƙwallon duniya ɗan wasa ba ya zama mai rajista a ƙungiya biyu lokaci guda. Kafin ya koma wata, sai tsohuwar ta sake shi ko wa'adin rajistarsa ya ƙare, idan kuma ƙasa zai sauya sai hukumar ƙasarsa ta ba da takardar shaidar sauya sheƙa. A filayen Najeriya "kiliyarans" ake ce wa takardar sallamar. Uba na iya ɗauke ɗansa daga fili yau ɗin nan, ba mai hana shi. Abin da ba zai iya ba shi ne sa wata ƙungiya ta saka yaron a gasar hukuma muddin ba a sake shi ba. Shekara guda a zaune kuwa ba ƙaramar asara ba ce ga ɗan shekara 15, domin sa'o'insa sun wuce shi, masu farautar 'yan wasa kuma sun manta da sunansa. Wannan tsoron ne ke sa iyaye da yawa su haƙura su karɓi sharuɗɗan da ransu bai so ba.

Ƙungiyoyi ma suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Sun ciyar, sun tufatar, sun biya koci da likita shekara da shekaru, a cikin yara masu yawa ɗaya ko biyu ne za su kai ga cin abinci da ƙwallo. Idan wanda ya fito ɗin zai tattara takalmansa ya tafi wurin mai kuɗi kyauta, sun zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Dokokin FIFA

Hukuncin Bosman na Kotun Tarayyar Turai a Disamba 1995 ya ba ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare damar tafiya ba tare da an biya kuɗinsa ba. Bayan doguwar tattaunawa da Hukumar Tarayyar Turai, FIFA ta fitar da sababbin ƙa'idojin sauya sheƙa a 2001, kuma a cikinsu ne mafi yawan abin da ake jayayya a kai yau yake.

Sashe na 19 ya haramta kai ɗan ƙasa da shekara 18 wata ƙasa don ƙwallo. Asali togiya uku aka yi: idan iyayen sun ƙaura ne saboda wani dalili da bai shafi ƙwallo ba, idan yaron yana tsakanin 16 da 18 kuma a cikin Tarayyar Turai ko yankin tattalin arzikinta za a yi sauyin, ko idan gidansu da ƙungiyar duk ba su wuce kilomita 50 daga kan iyaka ba. Daga baya aka ƙara 'yan gudun hijira da ɗaliban musaya. Togiyar farko ita ta jefa iyaye tsakiyar magana, domin ƙungiyoyi sun riƙa nemo wa uba aiki a garinsu don a ce aikin ne ya kawo iyalin. Har iyayen bogi an samu: a 2021 hukumar ƙwallon Italiya ta ci tarar Amad Diallo da Hamed Traorè yuro 48,000 kowannensu kan takardun da aka shigo da su ƙasar daga Kwaddibuwa suna yara, inda aka nuna wasu mutane a matsayin iyayensu.

Wata ƙa'idar ta ce ɗan ƙasa da 18 ba zai sa hannu a kwantiragin ƙwararru da ya wuce shekara uku ba, duk abin da ya ɗara haka ba a san da shi ba. Daga 1 ga Mayu 2015 kuma aka haramta wa wani na gefe, ɗan kasuwa ko kamfani, mallakar kaso a kuɗin sayar da ɗan wasa nan gaba.

Manyan ƙungiyoyi sun sha hukunci a kan sashe na 19. An hana Barcelona rajistar sababbin 'yan wasa na zangon kasuwar sauya sheƙa biyu a 2014, Real Madrid da Atlético Madrid suka biyo baya a 2016, sai Chelsea a 2019, wadda kotun wasanni ta duniya ta rage mata zuwa kasuwa ɗaya. Ba a cika tuna yaran da abin ya faɗa kansu ba. Takefusa Kubo, da aka hana shi buga wa matasan Barcelona, komawa Japan ya yi a 2015.

Kuɗin reno

Hanya biyu FIFA ta tanadar don ƙungiyar da ta yi reno ta ga ladan wahalarta. Ta farko diyyar horaswa, wadda ake biya lokacin da ɗan wasa ya fara zama ƙwararre da kuma idan ya sauya ƙasa kafin ya wuce shekara 23, bisa horon da ya samu daga 12 zuwa 21. Ana lissafa ta ne da matsayin ƙungiyar da ta ɗauke shi. Ƙungiyar Turai mai daraja ta ɗaya yuro 90,000 take biya kan kowace shekara, amma shekarun 12 zuwa 15 ana yi musu farashin daraja ta huɗu, yuro 10,000. Ke nan akadamin da ta riƙe yaro daga 12 zuwa 17 za ta iya neman yuro 220,000. Ga ƙaramar ƙungiyar Turai ko da rabin wannan na iya sa ta fasa ɗaukar yaro, shi ya sa dillalai ke zuwa su ce wa akadami ta yafe haƙƙinta a rubuce, su kuma zuga iyaye su matsa mata. Nan ne kocin da ake gaisawa da shi kamar ɗan gida yake zama wanda "ya tare wa yaro hanya".

Ta biyu ita ce kason haɗin kai: kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayar da ɗan wasa ana raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga 12 zuwa 23. Shekaru huɗun farko kowace tana da kashi 0.25, sauran takwas ɗin kowace 0.5. Idan an sayar da shi yuro miliyan 10, wadda ta riƙe shi daga 12 zuwa 15 tana da yuro 100,000. Sai dai rabon yana bin abin da ke rubuce a tarihin rajistar ɗan wasa ne kawai, kuma ƙungiyar unguwa da ba ta yi rajista da hukuma ba ko sisi ba za ta gani ba. FIFA ta buɗe ofishin tace irin waɗannan kuɗaɗe a Faris a 2022 domin su riƙa isa hannun masu su.

A Turai

A Disamba 2000 Jorge Messi, mahaifin Lionel Messi, ya gaji da jan ƙafar shugabannin Barcelona, ya nuna zai kai ɗansa mai shekara 13 wani wuri. Carles Rexach, wanda ke kula da ɗaukar 'yan wasa, ya jawo takardar goge baki ta kan teburin cin abinci ya rubuta alkawarin ɗaukar yaron. A nan uba ne ya yi rinjaye, saboda abin da ke hannunsa ba shi da na biyu. Duk da haka Lionel Messi bai samu buga wasa sosai ba a shekararsa ta farko, saboda saɓani da tsohuwar ƙungiyarsa ta Ajantina, Newell's Old Boys, kan sakin rajistarsa.

Yawancin iyaye ba su da irin wannan ƙarfin. A Ingila ana yi wa yaro rajista a akadami tun yana rukunin 'yan ƙasa da 9, ya samu gurbin horo na cikakken lokaci a 16, kwantiragin ƙwararru a 17. Tsarin da ya fara aiki a 2012 ya yanka wa kowace shekarar reno farashin diyya a lokacin: fam 3,000 daga 9 zuwa 11, sannan fam 12,500 zuwa 40,000 daga 12 zuwa 16 gwargwadon darajar akadamin. A Afrilu 2017 hukumar gasar Firimiya ta ci tarar Liverpool fam 100,000, ta kuma hana ta ɗaukar yara daga akadamin wasu na shekara biyu, ta biyun a jingine, saboda ta zawarci wani ɗan makaranta da ke Stoke City ta bayan fage. Stoke ce ke biya wa yaron kuɗin makarantar kuɗi. Liverpool ta yi alkawarin ci gaba da biya, iyalin suka amince suka baro Stoke, sai magana ta wargaje. Iyayen suka wayi gari da bashin makaranta a wuyansu, yaron kuma ba akadamin da za ta iya ɗaukarsa sai ta biya Stoke fam 49,000. Tarar da aka ci ƙungiyar ba ta kai abin da wasu 'yan wasanta ke karɓa a mako guda ba.

Kotuna sun ɗan ja wa ƙungiyoyi burki. A 2010, a shari'ar Olivier Bernard wanda ya ƙi sa hannu da Lyon ya tafi Newcastle, Kotun Tarayyar Turai ta ce neman diyyar reno halas ne, amma sai ta yi daidai da ainihin abin da aka kashe. A Maris 2025 kotun ta duba wata yarjejeniya daga Latbiya, inda iyayen wani matashin ɗan ƙwallon kwando suka sa hannu a 2009 cewa zai riƙa ba wani kamfani kashi 10 cikin 100 na abin da ya samu na tsawon shekara 15. Ta ce irin wannan sharaɗi yana iya zama zalunci a ƙarƙashin dokar kare masu sayen kaya da ayyuka, kuma dole alƙali ya duba maslahar yaron.

A Amurka

Can lamarin a juye yake, domin iyaye ne ke biya. Ƙungiyoyin matasa masu gasa suna karɓar dubban daloli a shekara, ban da kuɗin tafiye-tafiye da otal. Bayan gwajin zaɓe ana ba iyaye takardar alkawarin zama kaka guda cur, galibi da sharaɗin ba a mayar da kuɗi. Rigima takan tashi a tsakiyar kaka: uba ya ga ɗansa ko 'yarsa na dumama benci ya nemi tafiya, ƙungiya ta ce ba za ta saki katin ɗan wasa ba sai an cika sauran kuɗin shekara. Shi yana ganin kansa mai saye ne da ba a ba shi abin da ya biya ba, su kuma suna cewa gurbi suka sayar masa, ba mintunan wasa ba. Da yake burin yawancin iyalai gurbin karatu ne a jami'a, kocin da ya san masu ɗaukar ɗalibai yana da wani makamin da ba a rubuta shi a takarda ba.

An daɗe ba a aiki da diyyar horaswa da kason haɗin kai a ƙasar. Ƙungiyar Crossfire Premier ta jihar Washinton ta kai ƙara FIFA tana neman kasonta bayan an sayar da DeAndre Yedlin daga Seattle Sounders zuwa Tottenham a 2014. Masu adawa suka ce ai iyaye sun riga sun biya kuɗin renon. Sai a 2019 MLS, babbar gasar ƙwallon ƙasar, ta sanar za ta fara bin tsarin.

A Afirka ta Yamma

A nan akadami iri biyu ce. Akwai masu tsari irin Right to Dream ta Gana, wadda aka kafa a 1999, masu ita kuma suka sayi FC Nordsjælland ta Denmak a 2015. Ta nan Mohammed Kudus, ɗan unguwar Nima ta Ankara, babban birnin Gana, inda Hausa ke yawo a titi, ya bi ya buga wasansa na farko a Denmak kwanaki kaɗan bayan ya cika 18. Akwai kuma dubban ƙananan ƙungiyoyin unguwa, inda koci ɗaya ne mai saye wa yaro takalmi, mai biya masa kuɗin mota, wani lokaci har kuɗin magani. Ba a rubuta komai, zumunci ne. Ranar da dillali ya zo da labarin gwaji a Turai sai takarda ta ɓullo, da Turanci, shafi da yawa, a ce wa uba "Baba, sa hannu kawai, ai don ci gaban yaro ne." Sau da yawa ba a bar masa kwafi, ba wa'adi a ciki, kuma akwai kaso mai tsoka na duk abin da yaron zai samu. Dokar 'yancin yara ta Najeriya ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro, ta kuma taƙaita yarjejeniyar da za ta hau kansa, amma iyalai kaɗan ne ke da halin zuwa kotu. Su ma iyaye ba duka ne masu gaskiya ba: akwai wanda zai karɓi na goro a hannun dillalai biyu ya sa wa kowa hannu.

Mafi munin abin shi ne iyaye su sayar da gona ko fili su biya kuɗin tafiyar da babu ƙungiya a ƙarshenta. A 2015 BBC ta bankaɗo yadda aka kwashi yara 23 'yan Afirka ta Yamma, wasu 'yan shekara 14, aka kai su wata ƙungiya a ƙasar Lawos da ke nahiyar Asiya.

Wanda ya bi ƙa'ida jira yake yi. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009/2010, amma sai da ya cika 18 a Oktoba 2010 ya fara buga wa VVV-Venlo ta Holan. Shi kuwa John Obi Mikel, haifaffen Jos, cikarsa 18 a Afrilu 2005 ita ta buɗe rigimar. Kwanaki kaɗan bayan nan Manchester United ta sanar ta saye shi daga Lyn ta Norwe, Chelsea ta ce tana da tsohuwar yarjejeniya da wakilansa, shi kuma ya ce matsa masa aka yi ya sa hannu ba wakilansa a wurin. An fi shekara ana jan magana, har a Yuni 2006 Chelsea ta biya United fam miliyan 12, ta biya Lyn fam miliyan 4. A 2008 wata kotun Norwe ta samu tsohon darektan Lyn da laifin yin jabun takarda a kan kwantiragin yaron.