Ɗalibin musaya a Koriya ta Kudu

Ɗalibin musaya shi ne wanda jami'arsa ta tura shi wata jami'a a waje na zango ɗaya ko biyu, bisa yarjejeniyar da ke tsakaninsu. Kuɗin makaranta a jami'arsa ta gida yake biya, kuma can makinsa ke komawa. A Koriya ta Kudu, jami'o'i kamar ta Ƙasa da ke Seoul, da Yonsei, da Jami'ar Koriya suna karɓar irin waɗannan ɗalibai. Shekarar karatu a watan Maris take farawa: zangon farko daga Maris zuwa Yuni, na biyu daga Satumba zuwa Disamba.

Takardu

Bizar ɗalibin musaya ita ce D-2-6. Duk wanda zai wuce kwana 90 a ƙasar dole ne ya yi rajista a ofishin shige da fice kafin kwanakin su cika, a ba shi katin zama. Ta shafin HiKorea ake kama rana, kuma a farkon zango ranakun kan ƙare da wuri. Nan ne yawancin baƙi ke makalewa, domin da wannan kati ake samun layin waya na dindindin da cikakken asusun banki, da layin kuma manhajojin sayayya ke tantance mutum. Wanda ya yi jinkiri sai ya kwashe makonni yana neman wanda zai yi masa odar abinci. Tun Maris 2021 inshorar lafiya ta ƙasa ta zama wajibi ga ɗaliban waje. Aikin wucin gadi kuwa sai da izinin hukumar shige da fice, lambar wayarta 1345.

Rajistar darussa ta intanet ake yi, wanda ya riga shi ya samu. Darussan da ake koyarwa da Turanci kan cika cikin 'yan mintuna, don haka a tanadi madadi, a kuma tabbatar jami'ar gida ta amince da kowane darasi a rubuce.

Girma da ladabi

Abin da ya fi bai wa baƙo wuya shi ne sanin matsayinsa a gaban kowa. Tambayar shekaru a haɗuwar farko ba shisshigi ba ce. Da ita ake gane irin maganar da ta dace. Harshen Koriya yana da matakan girmamawa: ƙara "yo" a ƙarshen jimla ladabi ne, sauke shi kuma sai an yarje maka. Wanda ya riga ka shiga sashe "sunbae" ne, kai kuwa "hubae". Ba a kiran malami da sunansa, "gyosunim" ake cewa. Namiji yakan kira babban abokinsa "hyeong", mace ta kira babbar ƙawarta "eonni", kamar dai yadda Bahaushe ke cewa yaya. Da hannu biyu ake miƙa abu ko karɓa daga babba, tare da ɗan rusunawa. A wurin cin abinci ana jira babba ya fara, kuma ba a soke tsinkayen cin abinci a tsaye cikin shinkafa, saboda hakan na kama da abin da ake yi wa mamata. Takalmi a bakin ƙofa yake tsayawa, domin a ƙasa ake zama, ta ƙarƙashin daɓe kuma ake ɗumama ɗaki, tsarin da suke kira "ondol".

Rubutun Koriya, wato Hangul, wanda Sarki Sejong ya ƙirƙiro a 1443, haruffa 24 ne. Kwanaki kaɗan sun isa a iya karanta shi, kuma ya kamata a koya tun kafin a tashi. A Abuja akwai Cibiyar Al'adun Koriya da ke koyar da harshen.

Abinci da addini

Ga Musulmi, nan ake buƙatar sa ido. Naman alade yana shiga romo, da taliyar leda, da alewa mai jelatin, ana kuma zuba giyar girki a miya da yawa. Karanta bayan leda shi ne mafita, abin da ke ƙara wa Hangul muhimmanci. Babban Masallacin Seoul, wanda aka buɗe a 1976, yana unguwar Itaewon, kewaye da shagunan halal, kuma Ƙungiyar Musulmin Koriya na ba da shaidar halal. Zumuncin ɗalibai ya fi ƙulluwa a liyafar dare, inda ake shan giyar da suke kira soju. Ƙaurace wa taron gaba ɗaya kan bar ɗalibi shi kaɗai. Abin da ya fi shi ne ya halarta, ya faɗa tun farko cewa ba ya sha, ya karɓi lemo.

Zaman yau da kullum

Ɗakin kwanan jami'a ya fi sauƙi, amma ana neman takardar gwajin tarin fuka, wasu kuma suna rufe ƙofa da dare. "Goshiwon" ɗan ƙaramin ɗaki ne mai araha, gado da tebur kawai. Hayar ɗaki a gari tana buƙatar kuɗin ajiya mai tsoka. Da katin T-money ake shiga bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa, a manhajar hira ta KakaoTalk ake aikin rukuni, manhajar Naver Map kuma ke nuna hanya. Shara sai a cikin ledar hukuma da ake saya a shago, ragowar abinci daban, kuma akwai tara ga wanda ya cakuɗa. Sanyin Janairu a Seoul yakan sauka ƙasa da sifili, don haka mai zuwa zangon Satumba ya sayi rigar sanyi mai kauri kafin Disamba.