Baƙar ƙurar birki a wilin mota: amsoshin da nake maimaitawa kullum

Wankin mota nake yi a wata magsala, wato wurin wankin mota, a Jidda, kuma ba a mako guda ba tare da wani ɗan'uwa direba ya tsaya mini a kai ba, wai maigidansa ya yi masa faɗa saboda jant sun yi baƙi. Jant shi ne wili a bakin mutanen nan. Ga amsoshin wuri guda, a karanta kafin a sake kirana da tsakar dare.

Mece ce wannan ƙurar, kuma me ya sa sabulu ba ya fitar da ita?

Ƙarfe ne, ba ƙasa ba. Duk lokacin da ka taka birki, fahamat, wato takalman birki, suna matse faifan birki, wanda a nan ake ce wa hob, suna cin juna. Ɓarɓashin da zafinsa yake fitowa, ya faɗa kan fentin wili ya nutse. Raɓar Jidda da gishirin iskar Bahar Maliya su sa masa tsatsa. Sabulu datti yake wankewa, ba ya narkar da ƙarfe.

Zan iya zuba ruwan wanke banɗaki, ko asid ɗin nan da ake ce wa moyat nar?

A'a. Don Allah a daina. Na ga wili huɗu da wani bawan Allah ya zuba wa irin wannan asid: cikin minti biyu sun yi fes, ya yi ta murna, da gari ya waye sun yi dabbare-dabbare fari kamar an watsa musu toka, notuna sun fara tsatsa. Daga albashinsa aka cire kuɗin fenti. Haka nan ruwan da ake sayarwa a galan babu takarda babu suna, kada ka taɓa shi. Wasu masu wanke wili suna ɗauke da asid na haidurofulorik, wanda ke ratsa fata ba ka ji zafi nan take ba, sai daga baya ya ci har ƙashi. Kuma wanda ya haɗa asid da ruwan bilic ya tayar da iskar kulorin, a gareji rufaffe tana iya kai mutum asibiti.

Soson ƙarfe fa? Dizal? Feshin wanke tanda?

Soso zai kankare fentin. Dizal in ya taɓa fahamat birki ya rage kamu. Feshin tanda soda ce mai cin alminiyom. Duka ukun a'a.

Me ya sa na gaba suka fi na baya baƙi?

Birkin gaba ne ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayar da mota. Kwantar da hankalinka, motarka lafiya lau. Amma in na hagu ya fi na dama baƙi nesa ba kusa ba, ko ka ji yana huci bayan 'yar gajeriyar tafiya, wannan ba maganar wanki ba ce. Birkin gefen ya maƙale, kai wa makanike yau.

To da me zan wanke?

Je shagon kayan mota ka ce a ba ka maganin cire ƙarfe daga jant, wanda babu asid a ciki. Za ka gane shi da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Fara kora yashi da ruwa, wanke da shamfun mota, sannan ka fesa. Cikin minti 3 zuwa 5 za ka ga shunayya tana gangarowa kamar wili na zubar da jini, maganin ne ya kama ƙarfen. Bi da burushi mai laushi, har ramin notuna da bayan ƙafafun wili, ka ɗauraye da ruwa mai yawa, ka tsane da tawul. Wili ɗaya bayan ɗaya. Sa safar hannu. Kada ka bari ya bushe a kai.

Yanzu na sauko daga Ɗa'if, zan iya wankewa?

Haba Malam! Ka gangaro dutsen Hada kana kan birki tun daga sama, sannan ka watsa wa faifai ruwan sanyi? Jira su huce. Kusanta bayan hannunka, in da ɗumi ba a fara ba. A inuwa ake aikin nan, bayan asuba ko bayan magariba, don zafin rana a nan yana busar da magani kafin ka ajiye kwalbar, ya bar tabo.

Na fesa maganin sau biyu, amma akwai ɗigo-ɗigo da suka ƙi tafiya. Yaya zan yi?

Wannan ita ce tambayar da ke buƙatar zama, domin amsar ta danganta da abin da ɗigon yake da kuma irin wilin. Fara da farcenka. In ka ji tudu, abin a saman fenti yake, akwai sa rai. In ka ji rami ko kaushi a ciki, wataƙila ƙarfen ya riga ya fita, abin da ya rage tabon da ya bari ne, ko kwalba goma ka ƙarar ba zai canza ba.

In tudu ne, duba launi. Baƙi mai danƙo da bai yi shunayya ba yawanci kwalta ce, maganinta daban, na cire kwalta. Mai launin ruwan ƙasa da tauri kuwa tsohuwar ƙura ce da ta gasu. A nan nakan sake fesawa sau ɗaya ko biyu, sannan in ɗauko yumɓun goge mota, in jiƙa wurin da ruwan shamfu, in riƙa murzawa a hankali ina naɗe yumɓun yana haɗiye dattin. In ya faɗi ƙasa, yar da shi, ya kwashi yashi. Bayan haka ɗan folish mai laushi yakan dawo da ƙyalli.

Amma fa wannan ga wili mai fenti ne da rufin fenti mai sheƙi, wanda shi ne mafi yawa. In baƙi ne marar sheƙi, kada ka sa folish, zai bar wuri guda yana ƙyalli har abada, yumɓun ma yana iya yin hakan. In alminiyom ne tsirara da aka goge, yawancin magunguna suna dusashe shi, gwada a ciki inda ido ba ya gani tukuna. In kuma irin mai yankakkiyar fuskar nan ce mai walƙiya, ka ga farin zane kamar sawun tsutsa a ƙarƙashin rufin, ruwa ne ya shiga yana cin alminiyom daga ƙasa. Wannan ya wuce magsala, sai sana'iyya, unguwar masu gyaran mota, a kankare a sake rufi. In motar ta maigida ce, nuna masa kafin ka yi komai, ka faɗa masa gaskiya. Kuma mafi munin dattin a cikin cikin wilin yake. In kana son kai wa gare shi da kyau, je banshar, wato wurin faci, a kwance maka, amma kula da 'yan ƙananan dalmar balans da ke manne a ciki, kada burushi ya ɓamɓare su.

Bayan wanki faifan birki ya yi ja, na ɓata shi ne?

Ba ka ɓata komai ba. Tsatsar sama ce, birki biyu uku ta tafi. Taka a hankali da farko har su bushe.

Yaya zan hana ta dawowa?

Ba za ka hana ba, sai dai ka rage. Wanke duk mako tun ba ta kafe ba, ka shafa kakin mota a wili mai sheƙi. Fahamat na seramik ƙurarsu ba ta kai ta masu ƙarfe yawa da baƙi ba, amma a sa waɗanda suka dace da motar, kada a sayi na banza don neman farin wili.