Gishiri da fumfuna: me ya sa koobi ke lalacewa da damina?

Duk damina kukan ɗaya ne a layin masu kifi, daga Kejetia har Aboabo a Kumasi: an labta wa koobi, wato busasshen kifin gishiri, gishirinsa, amma fumfuna ta fito. Ga abin da iyayenmu mata na zango suka fi tambayata a kai.

Ashe gishiri ba ya kashe fumfuna?

Hajiya, ƙishirwa yake sa mata, ba ya kashe ta. Fumfuna abu ce mai rai, sai da ruwa take tsiro. In gishiri ya narke a jikin kifi, yakan janye ruwan tsokar, sauran da ya rage kuma ya riƙe shi gam. Masana abinci suna auna ruwan da ƙwayoyin halitta za su iya sha da ma'auni daga 0 zuwa 1. Zallan ruwa shi ne 1, ɗanyen kifi yana wajen 0.99. Ruwan da ya sha gishiri har ya ƙi narkar da ƙari, wato kusan giram 36 a mililita 100, yana tsayawa a 0.75. Ko buhu aka juye a kai, ba ya sauka ƙasa da haka.

To yaya kifin bai ruɓe ba, amma ya yi fumfuna?

Masu ruɓar da kifi daban, masu fumfuna daban. Yawancin bakteriyar da ke kawo wari da yauƙi suna sarewa da zarar ma'aunin ya yi ƙasa da 0.91. Yawancin fumfuna kuwa sai wajen 0.80 suke tsayawa. Kin ga tsakanin nan akwai fili. Gishirin da bai isa ba yakan kori bakteriya ya bar wa fumfuna gidan ita kaɗai, ba kishiya.

Akwai ma masu taurin kai. Ɗigo-ɗigon nan ruwan ƙasa da ke fitowa a bayan kifin gishiri, kamar an yayyafa masa garin koko, galibi aikin wata ce mai suna Wallemia sebi, wadda ke jure gishirin da ya kai maƙura. Jan tabo mai santsi kuma ba fumfuna ba ne sam. Wasu ƙwayoyi ne masu son gishiri, da ke zuwa cikin gishirin teku da aka shanya a rana, irin wanda ake yi a gaɓar Ada da Keta da sauran gaɓoɓin duniya.

Me ya sa da hunturu ba ma ganin wannan?

Laima ce. Da zarar laimar iska ta haura kashi 75 cikin 100, gishiri da kansa yake fara zuƙo ruwa daga iska. Safiyar Kumasi a watan Yuni tana wuce haka. Shi ya sa gishirin miya ke jiƙewa a kwano ba wanda ya taɓa shi, koobi kuma ya yi ta gumi a tire. Wannan gumin yana wanke gishirin saman kifin, fumfuna ta samu wurin kamawa. Da hunturu busasshiyar iskar arewa ce ke yi muku aikin kyauta.

Ni dai leda nake ganin ta fi kowa laifi. A ɗaure kifin da bai gama bushewa ba a ciki, rana ta buga shi a rumfa, dare ya yi sanyi, da safe sai ka ga raɓa kwance a cikin ledar.

Gishiri nawa ne ya isa?

Ga kifin da za a daɗe da shi, ƙiyasin da aka saba shi ne awo ɗaya na gishiri ga awo uku na kifi, a sikeli. A tsaga mai kauri don gishirin ya ratsa har ƙashi, sannan a shanya har ya bushe. Barbaɗen ɗanɗano, irin na suya ko shito, bai hana komai ba.

In fumfuna ta riga ta fito, ba sai a kankare ba?

In ɗan tabo ne a saman busasshen kifi mai tauri, mutane kan goge su sake shanyawa. In ta shiga tsoka, ko launin ya zama kore mai ɗorawa, a zubar. Wannan launin yakan zama Aspergillus flavus, mai fitar da dafin aflatoksin da ke illata hanta. An gano dafin ne bayan talo-talo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960, sanadin tunkuzar gyaɗa da aka ba su. Tafasa ba ta kawar da shi, gishiri ma haka.

Yaya mai ƙuli-ƙuli, wannan ya fi shafarki, domin gyaɗa da masara ne babban gidansa. Gyaɗar da ta yi fumfuna a buhu, soya ta da gishiri ba zai gyara ta ba. A tsince masu tabo da masu yamushewa tun kafin a kai inji, buhunan kuma a ɗora su kan katako, kada su jingina da bango.