Waiwaye: Inda Waƙa Ta Faɗi Daga Cikin Labarin Almara

Tun da samari suka fara haɗa gajerun bidiyo na littattafan yaƙi da kwamfuta suna sakawa a Facebook da TikTok, gardama ta ƙi ƙarewa a majalisarmu, nan ƙauyenmu da ke tsakanin Ringim da Taura. In za a mai da Ruwan Bagaja ko Iliya Ɗan Maiƙarfi fim, da katun za a yi shi ko da mutane? A sa waƙa ko kar a sa? Yawancin masu magana sun riga sun yanke hukunci: katun na yara ne, waƙa kuwa ɓata lokaci. Fim a wurinsu shi ne wanda za ka ga ƙato riƙe da takobi, doki na haniniya, ƙura na tashi. Wani abokina malamin firamare cewa ya yi ranar da ya ga Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja a zane yana rera waƙa, ranar zai daina kallo. Aka yi dariya, har da ni. Sai dai na riski lokacin da ba haka kunnenmu yake ba, kuma ina jin na san inda ya sauya.

Farkon labarin sananne ne, ba sai na ja shi ba. A 1933 aka shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a Zariya, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Gandoki na Bello Kagara. A 1937 abubuwa uku suka fito, ba wanda ya san da wani: Magana Jari Ce a nan, littafin The Hobbit na J.R.R. Tolkien a Ingila, da Snow White na Disney a Amurka, dogon katun mai waƙoƙi. Daga nan aka sami hanya. A ɗauko littafin almara, a zana shi, a saka masa waƙa. Haka aka yi wa Alice in Wonderland a 1951, haka aka yi wa The Jungle Book a 1967. Dalilin a fili yake. Kyamarar wancan zamani ba ta iya sa damisa ta yi magana, alƙalamin mai zane kuwa ba ruwansa. Fim ɗin mutane ma a lokacin bai jin kunyar waƙa, don The Wizard of Oz na 1939 da mutane aka yi shi, kuma ana rerawa daga farko har ƙarshe.

The Hobbit shi ne ma'auni mafi sauƙi, saboda an yi shi ta hanyoyin biyu. A 1977 Arthur Rankin da Jules Bass suka fitar da shi a katun don talbijin ɗin Amurka, bai kai awa ɗaya da rabi ba, kuma yawancin baitocin da aka rera daga cikin littafin aka ɗebo su, don Tolkien kansa ya cika littafin da waƙoƙi. A Japan aka yi zanen, a wani gidan zane mai suna Topcraft, wanda daga baya wasu ma'aikatansa suka shiga wani gidan zanen, Studio Ghibli, da aka kafa a 1985. Sai Peter Jackson ya zo da The Lord of the Rings, shi ma littafin Tolkien, a fim uku na mutane daga 2001 zuwa 2003, ya ɗauka a duwatsun Niyu Zilan, na ukun ya kwashe kyautar Oscar 11. Bayan haka ya koma kan The Hobbit daga 2012 zuwa 2014, littafin da katun ya gama cikin zama ɗaya ya zama fim uku na kusan awa takwas. Masu cewa fim ɗin mutane ya fi, a nan suke kafa hujja, kuma ba ƙarya suka yi ba: tun 2001 duniya ta saba ganin almara da fuskar mutum da ƙarar takubba.

A namu ɓangaren ma an san tarihin. Majigi ya zaga ƙauyuka, fim ɗin Indiya ya mamaye sinimomin Kano, Turmin Danya ya fito a kaset a 1990, Sangaya ya zo a 1999 ya sa rawa da waƙa suka zauna daram a fim ɗin Hausa. Amma waƙar da muka koya daga nan ta soyayya ce, wadda labari ke tsayawa ya jira ta gama. A gidan kallon garinmu, mai janareta da benci, da an fara ta sai ka ga wasu sun fita shan iska ko sayen rake, su dawo ba abin da ya wuce su.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne abin da ya biyo baya, wato zuwan fassara da memori a lokaci guda. Shekaru goma sha da suka wuce fim ɗin fassara ya fara cika kasuwa, na Indiya tukun, sannan na Sin da na Amurka da katun. A daidai lokacin kallo ya tashi daga gidan kallo ya koma tafin hannu. Ranar Lahadi mutum zai je kasuwar Gujungu, ya sai da akuyarsa ko buhun riɗi, ya biya shagon masu tura fim ya miƙa memori a cika masa. Mutanen da ba su taɓa jin kalma ɗaya ta fim ɗin waje ba, rana ɗaya suka wayi gari jarumin Indiya yana yi musu Kananci har da karin magana. Alheri ne babba, ni ma na ci moriyarsa.

To amma dubi abin da fassara ke iya ɗauka da abin da ba ta iyawa. Mai fassara yana bin magana, ya sa tasa a kan ta ɗan wasa, wani lokaci ya ƙara gishiri don a yi dariya. Da an zo kan waƙa sai ya yi shiru. A mafi yawan waɗanda na gani, ko dai a bar ta da harshenta, ko a datse ta gaba ɗaya don fim ya yi sauƙin turawa. Ban ga laifinsa ba. Fassara waƙa sana'a ce daban: sai an sami mai tsara baiti da zai hau karin kiɗan, a sami mai murya, a raba kiɗa da muryar asali. Aikin mako ne ko fiye, shi kuwa fim ɗin gobe ake jiransa a kasuwa.

A fim ɗin Indiya wannan yankan bai cika yin ɓarna ba, tunda an saba waƙar hutu ce. Fim ɗin almara na mutane ma bai ji a jikinsa ba, don doki da takobi da dodo mai aman wuta ba sa bukatar tafinta. Katun mai waƙa shi ya sha kashi, domin shi a cikin waƙar yake ajiye labarinsa. Ka ɗauki farkon The Hobbit. Wadanni goma sha uku sun cika gidan Bilbo, jarumin labarin, sun ci sun sha, sai suka fara rera waƙar dutsensu da zinariyarsu da dodon da ya kore su. A cikin wannan waƙar mai kallo ke sanin abin da aka rasa, kuma ita ce ta motsa zuciyar Bilbo, mutumin da ba ya son nisa da murhunsa. Katun ɗin 1977 ya riƙe ta, Jackson ma bai iya yar da ita ba a 2012. Cire ta, sai ka ga wasu gajerun mutane sun zo sun cinye abincin bawan Allah, gari ya waye ya bi su ba gaira ba dalili. Haka aljanin Aladdin na 1992, a waƙa yake bayyana wa yaron irin abin da zai iya yi masa. Duk katun ɗin da aka gina haka, in ya iso ƙauye an yi masa wannan fiɗar, abin da ya rage launi ne da tsalle-tsalle. Babba ya leƙa ya ga ba kai ba gindi, ya ce wannan na yara ne. A kan abin da ya gani, gaskiyarsa.

Ga kuma ita wayar. Don fim ashirin su shiga memori ɗaya sai an matse su, matsewar kuma sauti take fara ci. Kiɗan da aka shirya da goge da sarewa da muryoyi goma, ta lasifikar ƙaramar waya mai madanni yakan fito kamar kukan sauro. Ihun yaƙi kuwa ko an matse shi ihu ne.

Na ga abin da idona damina biyu da suka wuce. Bayan isha'i 'ya'yan ƙanena sun jingina waya a jikin kwanon sha a tsakar gida, su biyar sun yi mata rumfa da kawunansu, suna kallon wani katun na fassara, labarin 'yar sarkin da aka yi wa sammu. Inna tana gefe a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, kamar ba ta kallo. Yarinyar ta tsaya bakin ruwa ta buɗe baki za ta rera, babbansu ya sa yatsa ya ja fim ɗin gaba.

"Kai, mai da shi baya," in ji Inna. "Ai yanzu za ta faɗi abin da ke damunta."

"Iya, Turanci ne fa, ba a fassara nan ba."

Ya mayar don kar ta yi faɗa. Ta saurara har ƙarshe, hannunta ya tsaya a cikin gyaɗar, sannan ta juyo gare ni: "Me ta ce?" Na ɗan tsinto mata abin da na ji, cewa yarinyar tana kiran mahaifiyarta da ta rasu, tana faɗin wanda ya cuce ta. Inna ta gyaɗa kai ta ce ai ta sani. Yaran kuwa suka ce, "Kawu, ashe matar sarkin ce?" Sun kalli fim ɗin sau uku kafin ranar ba su gane ba.

Yadda Inna ta sani ba wani abin mamaki ba ne. Ita da sa'o'inta sun tashi a kan tatsuniya, tatsuniyar Bahaushe kuwa ginin katun mai waƙa gare ta sak. Marainiya ba ta zuwa gaban sarki ta kai ƙara da baki, sai ta je bakin kogi ko gindin tsamiya ta rera, tsuntsu ko makiyayi ya ji ya kai labari. Yarinyar da ke roƙon dodo ya ba ta ruwa da waƙa take roƙonsa. Waƙar takan dawo sau uku, kowane zuwa da ɗan canji, yara suna amshi, kuma a zuwa na uku asiri ke tonuwa. Wanda ya tsallake waƙar a tatsuniya, tsohuwa za ta ce ya koma, bai iya ba. Wannan zaman na bayan isha'i shi ne wayar ta gaje, tare da gaɗar 'yan mata a dandali da ita ma ta yi sanyi a garuruwa da yawa. Saboda haka yaran da ke jan fim gaba ba su sami waƙar labari a bakin kaka ba, a waya kuma sun same ta a kulle da harshen da ba sa ji. Samarin da ke gardama a majalisarmu yau, yawancinsu su ne yaran farkon zamanin memori.

Akwai masu ƙin waƙa don dalilin addini, wannan zance ne daban mai nasa malamai, kuma ba shi ake yi a majalisarmu ba, tunda masu cewa waƙa na ɓata almara su ne ke da waƙoƙin fim ɗari a wayarsu.

Wani abin da ke ba ni dariya shi ne ita kanta iyakar da ake ja tsakanin katun da mutane. The Jungle Book na 2016 da ake kira na gaske, in ka cire yaron kusan komai kwamfuta ce ta zana, dajin da dabbobin duka, kuma a ɗaki aka ɗauke shi a Los Angeles. Gollum, wata halitta a fim ɗin Jackson, zane ne da aka ɗora a kan motsin ɗan wasa Andy Serkis. Bidiyon littattafan yaƙin da suka tayar da wannan gardama ma ba mutum ko ɗaya a cikinsu. Zane muke kallo tun tuni, an dai daina sa shi ya yi kama da zane. Shi ya sa nake ganin rabin gardamar a kan waƙa take, ko da masu yin ta suna cewa katun.

In ana maganar kuɗi kuwa, wanda zai yi Gandoki da mutane sai ya nemo dawaki da sulke da ɗaruruwan mayaƙa, ya kuma nemo yadda zai nuna ƙasar aljannu ba tare da an yi masa dariya ba. Mai zane kwamfuta ɗaya da wutar sola sun ishe shi farawa. Mawaƙa kuwa ba mu rasa su ba, kowace unguwa a Kano akwai situdiyo.

Ranar wata Lahadi na tsaya a shagon yaron da ke tura mini fim a Gujungu, wayoyi sun fi hamsin a jere a kan katako suna caji, shi kuma yana gaban kwamfutarsa da layin memori a faranti. Na tambaye shi ko ya taɓa samun katun ɗin da aka fassara har da waƙoƙinsa. Ya ɗan yi tunani yana danne-danne.

"Malam, ni dai bai taɓa zuwa hannuna ba. Wa zai biya mawaƙin? Fim ɗin nawa nake turawa?"

Na ce to in da akwai fa, za a saya?

Ya ce mata za su saya, don su ne ke tambayarsa me ake cewa a wurin waƙar. Sannan ya miƙo mini memorina, ya ce ya sa mini sabon na yaƙi mai kashi huɗu, ya kira na bayana.