Lambar 97116 a lissafin kuɗin koyar da tafiya

97116 lamba ce a kundin CPT, wato jerin lambobin ayyukan jinya, wadda asibitoci da likitocin gashin ƙashi a Amurka ke sakawa a takardar neman kuɗi daga inshorar lafiya idan sun sake koya wa majiyyaci tafiya. Masu samun wannan jinya sun haɗa da wanda ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki, da wanda aka yi wa aikin ƙugu ko gwiwa, da mai cutar Parkinson, da tsofaffi masu yawan faɗuwa. Hawa da saukar matakala duk suna ƙarƙashinta.

Tarihi

Ƙungiyar Likitocin Amurka ce ta fara wallafa kundin CPT a 1966, shekara guda bayan kafa Medicare, shirin gwamnati na inshorar tsofaffi. Bugun farko ya fi karkata ga aikin tiyata. A 1983 ne hukumar da ke kula da Medicare ta rungumi kundin.

Dokar daidaita kasafin kuɗi ta 1997 ta sa wa jinyar gashin ƙashi iyaka ta dala 1,500 a shekara ga majiyyacin Medicare da ke zuwa daga gida. Wannan iyaka ta cutar da masu koyon tafiya, domin wanda ɓarin jikinsa ya shanye kan ɗauki watanni kafin ya iya taka ƙafa ba tare da an riƙe shi ba. Majalisa ta yi ta dakatar da iyakar tana maido ta, a 2006 aka buɗe ƙofar togaciya ga masu buƙatar wuce ta, sai a 2018 aka soke ta baki ɗaya. Abin da ya rage shi ne alamar KX, wadda likita ke ƙarawa a jikin lambar idan kuɗin shekara ya haura wani adadi, shaidar cewa jinyar ta zama dole.

A 2013 sulhun shari'ar Jimmo da Sebelius, wata ƙara kan yadda Medicare ke biyan kuɗin jinya, ya tabbatar cewa Medicare ba zai hana biya don kawai majiyyaci bai samu ci gaba ba, muddin ana buƙatar ƙwararre don kada jikinsa ya ƙara lalacewa.

Lissafin lokaci

Ana lissafa lambar da minti 15-15, kuma sai likita na tare da majiyyaci shi kaɗai. Medicare na bin ƙa'idar minti takwas, wadda ta fara aiki wajen shekarar 2000: minti 8 zuwa 22 kaso ɗaya ne na biya, 23 zuwa 37 kaso biyu, 38 zuwa 52 kaso uku. Ana haɗa mintunan duk ayyukan ranar tukuna. Idan an yi minti bakwai ana tafiya, bakwai ana atisayen ƙarfafa tsoka mai lamba 97110, bakwai ana horar da jijiyoyi mai lamba 97112, jimla 21 ke nan, kaso ɗaya kacal za a nema. Wasu kamfanonin inshora na ƙirga kowace lamba daban.

Lambar ciwo da rubutu

Tun 1 ga Oktoba 2015 Amurka ke amfani da ICD-10-CM, kundin lambobin cututtuka, wajen bayyana ciwo, kuma matsalolin tafiya na rukunin R26, misali R26.81 ga mai tangaɗi. Alamar GP na nuna aikin gashin ƙashi ne. Rubuta cewa majiyyaci ya yi tafiya a baranda bai isa ba. Dole a faɗi nisan da ya yi, da sanda ko keken dogarawa, irin taimakon da aka ba shi, da gyaran da likita ya yi wa takunsa, kamar jan ƙafa ko karkata gefe guda. Rashin wannan bayani na cikin dalilan ƙin biya.

Mataimaka

Tun Janairun 2022, aikin mataimakin likitan gashin ƙashi mai alamar CQ, Medicare na biyansa kashi 85 cikin 100 na cikakken kuɗin aikin.