Na Tono Tsohon Abu a Gida ko a Gona: Me Ya Kamata In Yi?

Me ke kawo tukwane da tarkace a ƙarƙashin gidan mutum?

Da yawa daga gidajenmu na karkara a kan kufai suke zaune. Wasu sun rayu a wurin, fari ko yaƙi ya tashe su, ruwa da iska suka binne abin da suka bari. Shi ya sa mai haƙar rijiya ko masai ko ramin ƙasar tubali yakan ci karo da tsingaro, dutsen niƙa, kashin maƙera, ko tukunya cike da wuri, tunda da wuri ake ciniki a ƙasar Hausa har zuwan Turawa. Shi ma ɗan dutsen nan mai santsi da kaifi da ake kira gatarin aradu, mutane ne suka wasa shi tun kafin a san ƙarfe.

An taɓa samun abu mai muhimmanci ta wannan hanya?

Ƙwarai kuwa. A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙar rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, sai ya bugi wani katako a zurfin kusan mita 5. Labari ya kai ga hukuma, masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt ta Jamus suka zo, suka fito da shi a 1994. Ashe kwalekwale ne da aka sassaƙa daga itace guda, tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kimanin 8,000. Shi ne jirgin ruwa mafi daɗewa da aka gano a Afirka. Da mutumin nan ya faskara shi ya kai murhu, ba wanda zai zarge shi, kuma ba wanda zai taɓa sanin abin da aka rasa.

A Igbo-Ukwu ta jihar Anambra, ƙarshen shekarun 1930, wani magidanci ne ke haƙa ramin tara ruwa a tsakar gidansa ya fito da kayan tagulla masu ado, waɗanda suka haura shekara 1,000. A ƙasar Jama'a kuma, kudancin Kaduna, a 1943 wani ma'aikacin haƙar kuza ya kafa wani kan mutum na yumɓu da aka tono a gonar doyarsa don tsorata dabbobi masu ɓarna. Da kan ya isa hannun Bernard Fagg, wani Bature masanin kayan tarihi, a Jos, ya ga kamarsa da wanda aka tono kusa da ƙauyen Nok a 1928. Daga nan duniya ta san al'adar Nok.

To idan ni ne na tono, mene ne matakin farko?

Ka ajiye diga. Kada ka ciro abin in bai riga ya fito ba, kada ka wanke shi, kada ka kankare tsatsa don ka ga ko zinariya ce. Ɗauki hoto da waya yana inda yake, ka lura da zurfin ramin. In katako ne ko fata mai laima, ka mayar masa da jiƙaƙƙiyar ƙasarsa, domin rana na iya tsattsaga shi cikin ɗan lokaci. Sannan ka sanar da mai unguwa ko dagaci. In ƙasusuwan mutum ne, a rufe da mutunci, a haɗa da 'yan sanda.

Me ya sa ake nacewa a bar shi a wurinsa? Ba abin ne mai daraja ba?

Nan ne mutane da yawa ba su gane ba. Ƙasa hawa-hawa take, na ƙasa ya riga na sama. Gawayin da ke gefen tukunya, wanda kai za ka watsar da shebur, shi ake kaiwa ɗakin gwaji a auna shekarunsa. Ƙwayar hatsin da ta ƙone a cikinta ita ke nuna abin da mutanen suka noma. Ta haka aka tabbatar mutanen Nok gero suke ci. Abin da aka fizge daga raminsa kamar shafi ne da aka yage daga littafi: rubutun na nan, amma ba ka san me ya gabace shi ba, ba ka san me ya biyo baya ba.

Wasu na cewa kayan aljanu ne ko sammu, gara a fasa. Haka ne?

Tsoron ba abin raini ba ne, domin akan binne layu da gaske. Amma tukunyar da ke ƙarƙashin ƙasar da ba a taɓa motsawa ba ta girmi duk wani mai gaba da kai. In kuma siffar mutum ce ta yumɓu, ajiye ta a gidan tarihi ba bauta mata ba ne. Alƙur'ani da kansa ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance. Yana yi mini ciwo in ji an ragargaza abin da ya kwana shekara 2,000 lafiya cikin minti ɗaya.

Me addini ya ce game da dukiyar da aka binne?

Malaman fiƙihu suna kiran abin da mutanen jahiliyya suka binne rikazi, kuma hadisi ya inganta cewa ana fitar da humusi, wato kashi ɗaya cikin biyar. In akwai alamar na Musulmi ne, hukuncin tsintuwa ya hau kansa, a yi cigiya shekara guda. Wanda ya tarar da zinariya ko azurfa ya je wurin malami da bayani dalla-dalla.

Zan iya sayarwa?

A Najeriya, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta wajabta sanar da hukumar cikin kwana 7. Ta hana sayar da irin waɗannan kaya ga wanda ba wakilinta ba, ta hana fitar da su waje ba da izini ba. Hukumar na da gidajen tarihi a Jos da Kaduna da Gidan Makama a Kano. A Nijar akwai gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai.

Dillalai dai za su zo, da zarar labari ya fita. Sun yi haka a yankin Nok, da Kwatarkwashi ta Zamfara, da Bura ta yammacin Nijar, har a 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa kayan yumɓun Nok da Sakkwato da Katsina da Bura cikin jerin waɗanda ake wawashewa. Manomi ya karɓi kuɗin da ba su kai buhun taki ba, kayan su ƙare a kasuwannin Turai da tsada, shi kuma a bar shi da gona duk ramuka da laifin karya doka a wuyansa.